Katin Abincin Inna

Ni ce 'yar farin Inna, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu can Maradi ya san abin da hakan ke nufi: matar da ta haife ni ba ta kiran sunana. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, a ɗakinta na yi wayo. Inna kuwa idan muka yi kiciɓis a tsakar gida sai ta kau da kai kamar ta ga surukinta. Ƙannena tana ƙwala musu kira da suna tun daga bakin murhu har bakin titi, wani lokaci har da kirari. Ni "ke" ce. Idan ranta ya yi fari, "ke yarinyar nan". Da na haihu na samu ƙarin girma, na koma "uwar yaran nan". Kowa ya ce mini abin alfahari ne, alama ce ta uwa mai kunya. Ni dai abin yana ci mini rai tun ina ƙarama, kuma da yake Allah bai yi ni mai haƙuri ba, sai na mayar da shi farauta.

Babu tarkon da ban ɗana mata ba. Ina yarinya nakan shige cikin ƙawayena in juya mata baya, don in ga yadda za ta yi da "ke" a cikin 'yan mata goma. Sai ta jefo mini takalmi, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Da muka tsinci kanmu a New York, na sayo mata wayar da ake yi wa magana, na zauna na tsara mata ƙarya mai kyau, na ce wayoyin Amurka ba sa kiran mutum sai an ambaci sunansa da baki. Ta karɓa ta jujjuya ta, ta kira sunan ƙanena da ke unguwar Port Richmond, wayar ta shiga. Ta ce masa, "Kira yayarka ka ce mata ina neman ta." Ina zaune a gabanta wayata ta yi ƙara.

Ƙanen nan nawa shi ya kawo Inna ƙasar. Ta yi shekaru tana aikin kula da wata tsohuwa a gidanta, tana yi mata wanka da girki, har gwiwoyinta suka ce ba su san zancen ba. Da aikin ya ƙare sai ta dawo wajena a Highbridge, cikin yankin Bronx, a wani tsohon bene da ba shi da lifta, mu kuma muna can ƙololuwa. A nan wata kunyar ta taso, wadda ta fi ta sunan haɗari. Inna ba ta cin abincin suruki. A wajenta, uwa ta zauna a gidan 'yarta tana cin tuwon mijin 'yar, wannan abin a yi ta faɗi ne har jikoki. Maigidana mutumin Damagaram ne mai sanyin hali, kaya yake ɗauka a filin jirgi, ya yi rantsuwa ya yi magiya ta bakina, domin ita ba ta tsayawa su haɗa ido. Na ce mata ai ni ma ina aiki, da albashina nake cefane. Ta ce kuɗina da nasa tukunya ɗaya suke shiga. Muddin tana da ɗan abin da ta tara, da shi take sayen abincinta, tana dafawa a 'yar tukunyarta. Da abin ya fara ƙarewa, sai tukunyar ta fara yin kwana ba ta hau wuta ba.

Wadda ta cece mu maƙwabciyarmu ce, wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, mai murya kamar lasifikar masallaci. Inna tana yi mata kallon marar ta-ido, saboda takan leƙo ta taga ta kira ɗanta na fari da cikakken sunansa, unguwa duk tana ji. Amma ita ce ta san kan birnin nan. Ta ce akwai katin abinci da hukuma ke bai wa masu ƙaramin ƙarfi, wanda kowa a unguwar ke kira fud-stam, duk wata ana zuba masa abin cefane, kuma Inna ta cancanta. Inna ta sha kunu ta ce ita ba ta zo Amurka bara ba. Hajiya ta tafa hannu, ta yi mata magana da Hausarsu ta Kumasi da ba ta raba mace da namiji.

"Ei, Hajia! Wane bara? Shekara nawa ka yi aiki suna cire maka haraji? Kudin gwamnati ne. Ba na surukinka ba ne."

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ta yi aiki. Inna ta gyara lulluɓi, ta tambayi yaushe ake buɗe biron, wato ofis a bakin mutanenmu.

Tun daga ranar katin nan ya zama rumbun Inna. Tana da nata ɓangaren a firij, wanda ko yarana sun san ba a taɓawa. Takan lallaɓa ta gangara shagon wani ɗan Tawa ta sayo gero da nono da busasshen kifi, ta miƙa katin da hannu biyu cikin isa. Ta yi ƙiba, ta dawo da faɗa, har ta fara aiko wa maigidana da fura ta hannun yara, don yanzu ita ce mai bayarwa. Ni kuma aka rubuta ni a takardun a matsayin wakiliyarta, mai ikon yin magana da cefane a madadinta. Matsala guda ita ce lambar sirrin katin. Inna ba ta yi boko ba, lambobi ba sa zama mata. Hajiya, da ke yi wa duk tsofaffin benen wannan hidimar, ta rubuta mata lambar a 'yar takarda ta manna a bayan katin. Na yi faɗa har na gaji. Inna ta ce a gida ma ƙarƙashin randa ake ajiye makulli, kuma ba a taɓa yi musu sata ba.

Wakilcin nan ya koya mini cewa hukuma tana son mutum ya zauna wuri guda kamar turmi. Inna kuwa uwa ce irin ta gida, inda aka haihu nan ne gidanta. Matar ƙanena tana sauka, sai ta ɗaure kaya ta hau jirgin ruwa zuwa Port Richmond, ba za mu gan ta ba sai an yi arba'in. Ni ce mai rantse-rantse a waya cewa ziyara ce ba ƙaura ba. Na ƙware a jiran layin ofishin nan. Nakan sa wayar a kan firij tana ta kiɗanta, in yanka albasa, in soya nama, miya ta nuna, kafin wani ya ɗauka.

Sai ga ƙaura ta gaske ta zo. Aka sayar da benenmu, sababbin masu shi suka fara yi mana korar da ba a faɗi da baki. Yau hitar ɗumama ɗaki ta mutu, gobe ruwan zafi ya ɗauke, jibi an ƙara haya. Muka samu gida a unguwar Jamaica, a nan cikin New York, a ƙasa, babu hawa, kusa da filin jirgin da ni da maigidana muke aiki, inda nake tura fasinjoji marasa ƙarfi a keke. Na kira ofis na shaida musu sabon adireshi, wata murya ta ce an rubuta. Na yarda, domin a ranar har tuwo na tuƙa kafin a ɗauka, na ɗauka wahalar da na sha ta isa shaida.

Ranar kwashe kaya mutanen masallaci suka zo da motocinsu, mata suka yi dafa-duka a tukunyar biki. Aka tara komai a bakin titi, aka zaunar da Inna a kan kujera a tsakiyar akwatuna don ta yi gadi, aikin da ta karɓa da muhimmanci, tana harare-hararen duk wanda ya gifta. Muna can sama muna kokawa da katifa a matakala azahar ta yi. Inna ta sauke jakarta ta ɗora a kan akwati, ta shimfiɗa darduma a nan gefen titi, ta ta da kabbara. A lissafinta, duk duniya babu ɗan da uwa ta haifa da zai ɗauki kayan mutum yana salla. A kasuwar garinmu mai tebur yakan bar kayansa a buɗe ya tafi masallaci, ya yafa musu ƙyalle kawai. Ta yi raka'o'inta a natse, ta sallame dama, ta sallame hagu, babu jaka.

Da muka sauko muka tarar da ita zaune a kan dardumar, ba kuka take ba, mamaki ne ya cika ta.

"Ina salla hwa," ta ce. "Ina salla ya ɗauka."

Ta maimaita wa Hajiya, ta maimaita wa direba, ta maimaita wa wani Baspaniye da ya tsaya kallo. Cikin jakar akwai goronta, da man zafin gwiwa, da duk takardun shaidarta, da katin, da lambar sirrinsa manne a baya kamar an yi wa ɓarawon guzuri. Kuma a makon aka zuba wa katin kuɗin watan. Kafin in samu layi in sa a rufe katin, wanda ya ɗauka ya riga ya yi cefanen da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Na so in ce ai na faɗa, maganar ta zo har bakina. Da na dubi fuskar Inna sai na haɗiye ta, na juya na sauke ta a kan Hajiya.

Aka ce za a aiko da sabon kati. Muka tare a Jamaica muna jira, ina leƙa akwatin wasiƙa safe da yamma. Shiru. Sai Hajiya ta kira ni ta ce ta tsinci ambulan mai sunan Inna a yage a zauren tsohon benenmu, babu komai a ciki. Ashe ƙaurarmu ba ta shiga injinsu ba, can suka aika, inda akwatunan wasiƙa suka daɗe babu murfi. Na sake kira. Wannan karon muryar ta canza. Kati biyu sun ɓace a ɗan tsakani, adireshi biyu suna karo da juna, don haka an dakatar da komai, sai mai katin ta zo da ƙafarta. Suka ba mu rana mai nisa.

Ranar Litinin Inna ta tashi da azumi, muka ce Allah ya karɓa. Talata ma ta tashi da shi. Na tambaya, ta ce ramuwa take yi. Na ce ramuwar me, ke da ba ki sha ko ɗaya ba bana? Ta ce tsohuwar ramuwa ce, tun ta shekarar da aka haifi wata. Wato ni. Haka ta tono duk azumin da ta taɓa sha tun tana amarya, ta jera su, ta shiga biya. Da magariba ta sha ruwan shayi da dabinon da ƙanena ya kawo. Nasa tana ci, don ɗa ne, amma lokacin motarsa tana gareji ga jariri, kuma duk sanda ya kira sai ta ce masa har ta rasa inda za ta sa abinci. Na faɗa masa gaskiya, ya ɗauko shinkafa da mai ya ratso birni da su, ta raba biyu ta mayar wa mai jego da rabi, sauran ta riƙa tsakura kamar magani.

Maigidana ya gwada dabara. Ya yi cefane ya ajiye a bakin ƙofa, muka ce Hajiya ce ta aiko. Inna ta dubi ledar ta ce a Bronx babu shago mai wannan tambarin. Bawan Allah ya daina cin abinci a gida, sai ya ɗauki kwanonsa ya tafi mota, ya ce ba zai iya tauna ba tsohuwa tana bayan bango da yunwa. Ni kuwa haushi ne ya ishe ni, haushi da tsoro. Ina ganin zanenta yana ƙara zagaye ta, wuyanta yana fitowa, ga firij cike. Wata rana na tsaya a ƙofar ɗakinta na ce mata wannan ba kunya ba ce, taurin kai ne, kuma idan ta faɗi a ƙasar mutane ni za a kama. Ta ci gaba da jan carbi, ta ce in ja mata ƙofar.

Ranar da aka ba mu ta zo, muka hau bas da sassafe. Ofishin babban zaure ne cike da kujeru da jarirai da mutanen da suka gaji tun kafin su zo. Mai gadi ya ba mu lamba, muka zauna har gwiwar Inna ta sage. Da aka kira mu, aka shigar da mu wani ɗan lungu da aka kewaye da allunan da ba su kai rufi ba, irin wanda kana jin tarin na kusa da kai. Ma'aikaciyar baƙar mace ce mai jiki, da tabarau rataye a sarƙa, harshenta na mutanen tsibiran Karibiyan. Ba muguwa ba ce, ta dai ji ƙarya iri-iri har ta ƙoshi. Ta nemi takardar shaida, na ce suna cikin jakar da aka sace, mun nemi sababbi ba su iso ba. Ta ce to za ta yi wa Inna tambayoyi ta gwada da abin da ke cikin injin. Na gyara zama zan fassara, ta ɗaga mini hannu. Tunda maganar sata ce kuma ina cikin takardun, ba ni zan yi tafinta ba. Ta danna wayar teburinta, ta buɗe murya, sai ga wani tafinta Bakano ya yi sallama daga ciki.

Inna ta washe baki. Ta tambaye shi gajiya, da iyali, da sanyi, da labarin gida, da ko iyayensa suna raye. Ma'aikaciyar tana ƙwanƙwasa biro a tebur, tana tambayar me ake cewa, shi kuma yana ce mata gaisuwa ce, ba a gama ba.

Aka shiga tambayoyi. Sunanta, ta faɗa. Ranar haihuwa, ta ce shekarar da aka yi fari, amma a takarda an sa mata ranar farko ta shekara kamar kowa. Aka dace. Tsohon adireshi, ta ce saman tudu, bayan dogayen matakalan nan, benen da ke kallon shagon ɗan Tawa. Sabon adireshi, ta ce inda jirage ke hana mutum barci. Ma'aikaciyar ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce saura tambaya ɗaya, idan aka amsa ta daidai ta wadatar: mene ne sunan wakiliyar da ke cikin takardunta?

Wallahi sai da na ji wani daɗi ya tsarga mini tun daga kai har ƙafa. Abin da na shekara arba'in ina farauta, ga gwamnatin Amurka ta kamo mini shi a ɓagas. Na jingina da kujera, na harɗe hannu, na gyara ɗaurin kallabi.

Inna ta nuna ni da haɓa. "Ga ta nan zaune."

"Hajiya, sunanta ake so," in ji tafinta.

"Uwar yaran nan ce."

"Na yanka, Hajiya."

"Yayar wane ce," ta ambaci ƙanena, har da sunan unguwarsu. "Ita ta san sunanta, a tambaye ta mana. Bakinta ciwo gare shi?"

Na ce, cikin muryar da na fi iya ladabi da ita, "Inna, hukuma ce fa ke tambaya. Ni an hana ni magana."

Ta watso mini kallon da da muna gida takalmi ne zai biyo bayansa. Sannan ta juya kan wayar.

"Kai yaro, ɗiyar fari ce. Uwarka ba ta koya maka komi ba? Kai na nawa ne a ɗakinku?"

"Na tsakiya ne, Hajiya."

"Shi ya sa."

Na ji tafintan yana danne dariya. Ya koma Turanci ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ce al'ada ce, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ma'aikaciyar ta saurare shi, ta ce ta shekara da shekaru a kujerar nan, ta ga iyayen da suka manta ranar haihuwar 'ya'yansu, amma ba ta taɓa ganin wadda ta kasa faɗin suna ba. Daga nan ta dube ni. Ta ga mace ƙosasshiya, da 'yan kunnen zinariya, tana murmushi har kunne alhali an sace wa tsohuwa abinci. Ta dubi Inna, ta ga ƙasusuwan wuya da idanu a zurme. Murmushin nan nawa shi ya kashe ni.

Ta sassauta murya ta ce a tambayi Inna ko tana cin abinci.

"Ina azumi."

Tun yaushe?

"Tun da katin ya ɓace."

Akwai abinci a gidan da take zaune?

"Akwai, Alhamdu lillahi, firij har ba ya rufuwa."

Tana ci daga ciki?

"A'a. Ni ba ni cin abincin gidan nan."

Kowace amsa gaskiya ce tsantsa, kuma kowace tana ƙara tura ni rami. Na buɗe baki zan yi bayani, ma'aikaciyar ta ce in tashi in fita, tana so ta gana da tsohuwar ita kaɗai. Ta ɗaga hannu ta yafito mai gadi. Ya raka ni bayan allon, wajen tulun ruwan sanyi, ya tsaya kusa da ni yana kallon rufi, irin tsayuwar da ke cewa kada ki yi nisa. Dariyata ta bushe. Na fara tunanin aikina na filin jirgi, inda ko ƙaramin zargi ya isa a karɓe wa mutum katin shiga.

Allon bai hana ni jin komai ba, kuma da yake ina jin Turanci, na riga Inna sanin abin da ke tafe. Ma'aikaciyar ta ce wa tafinta ya gaya mata kada ta ji tsoro, babu wanda zai taɓa ta a nan. Matar da ta kawo ta, da gaske 'yarta ce? Ita ce ta karɓe katunan? Ita ce ke hana ta abinci? Idan haka ne, yau ɗin nan za a raba su, a nema mata wurin da za a kula da ita.

Tafintan ya yi gyaran murya ya fi sau nawa. Ya fara da ba ta haƙuri, ya ce shi ɗan aike ne. Sannan ya faɗa mata, a hankali, yana zagaye-zagaye, amma ya faɗa.



"Mi ka ce?" in ji Inna. "Sake hwaɗi."

Ya sake.

"Ɓarauniya? Ita?"

Na ji ƙarar kujera an tura ta baya. Matar da sai an kama ta take miƙewa ta miƙe da kanta. Sai ta kira sunana. Ba a hankali ba, ba a kunnen waya ba. Ta ɗaga murya ta faɗe shi cikakke, na yanka, wanda liman ya raɗa mini, ta haɗa da na mahaifina, har mutanen da ke zaure suka ɗago kai. Ban taɓa sanin haka take furta shi ba. Tana jan tsakiyarsa kaɗan, yadda babu wanda ke yi.

Kuma ba ta tsaya nan ba.

"Hwaɗa wa wagga mata ɗiyata ce, ni na haihe ta, da damina, ni ɗaya a ɗaki, ban yi ko tari ba don kunya. Da aka kai ta ɗakin uwar mijina, ta bayan danga nike bi in leƙa ta tana barci, in komo in ce ido ke mini ciwo. Ita ke shafa mini magani a gwiwa. Ita ke hwaɗa da ni don in ci abinci. Ni na ƙi ci, don na surukina ne, kuma shi ma mutumen kirki ne. Allurar wani ba ta taɓa ɗauka ba. In za a kama wani, a je a kamo wanda ya sace jakar mutum yana salla!"

Tafintan ya bi ta yana juyawa, jimla bayan jimla, wajen dangar nan sai da ya tsaya ya sake farawa. Sannan, da yake aiki aiki ne, ma'aikaciyar ta ce sunan ya zo mata da sauri, a maimaita a hankali don ta gwada da na cikin injin. Inna ta maimaita, gaɓa bayan gaɓa, kamar mai koya wa yaro karatu. Na ji ƙarar madannai. Ma'aikaciyar ta ce ya yi daidai. Ta ce a ba tsohuwar haƙuri, a ce ta zauna. Za ta gyara adireshin yanzu da hannunta, za a ba ta kati a tagar ƙarshe kafin ta bar ginin, kuma don Allah ta je ta ci abinci.

Ni ina can jikin tulun ruwa, mace da 'ya'yanta sun fi ta tsawo, na toshe baki da gefen mayafi ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Na so in yi dariyar cin nasara, na neme ta na rasa. Mai gadin, da ɗazu yake tsare da ni, ya yago takardar goge hannu ya miƙo mini. Bai ji Hausa ba, ya dai ji tsohuwa tana ta faɗa, ya ga ni ina hawaye, ya haɗa nasa lissafin.

"Sun hana ku ne?" ya ce. "Kada ki damu, 'yar'uwa. Kina da ikon neman a sake duba maganar."

Na girgiza kai na ce a'a, an ba mu.

"To kukan na mene ne?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, na tarar Turancin da nake taƙama da shi bai kai nan ba.